Wai ta iya riƙe fida

Ni dai har gobe ban yarda murfin fidar nan da kanshi ya kwance ba.

Kun san mutuniyar, wato 'yata, ta shiga wata 7, zama ya yi ƙwari, mun fara kunun gyaɗa tunda muka gama wata 6 na nono zalla. To da asubar Laraba ta kama fida da hannu biyu ta kafa kai tana zuƙa, wallahi da idona na gani, sai dai waya ba caji NEPA sun yi halinsu, Abbanta kuma yana masallaci.

Juma'a muka je gaida Hajiya, falo cike, sai facalata (kun san wacce nake nufi) ta fara, wai nata tun yana wata 4 yake riƙe fida. Na ce ai mu ma mun wuce wajen. Hajiya ta ce "to a ba takwarar tawa mu gani." Na zuba kunu na ɗaure murfi tam, sai baiwar Allahn nan ta miƙo hannu wai bari ta ji ko ya huce. Ta juya shi, ta juya shi, sannan ta miƙo min.

Yarinya ta karɓa, falo ya yi tsit har an rage ƙarar talabijin. Ta kalli fida, ta kalle ni, ta juya ta ta kama gindin tana gwaguya saboda dasashi na mata ƙaiƙayi. Ina ta "a'a Mamana, ta nan, ta nan," ina dariyar yaƙe. Sai ta ɗaga ta sama kamar wadda ta ci kofi, ta maka da ƙasa. Murfi ya yi gabas, kunu ya yi kan sabuwar atamfar Hajiya, har kan gilashinta. Ita kuwa sai tafi take tana ɓangala dariya.

Facalata ta ce "ayya Maman Baby, kowane yaro da lokacinsa," da muryar nan tata ta tausayi.

Lokacinsa! Ni da na sha zuwa ɗakinta na ga yadda take tokare fidar da filo ta bar yaro kwance tana kallon fim ɗin Indiya, shi ne riƙewar wata 4 ɗin. Abin da nas ta hana mu a wajen awo ke nan, ta ce yaro na iya ƙwarewa, kuma yawanci sai tsakanin wata 6 zuwa 10 suke riƙewa, ta ma fi so a ba su a kofi da cokali. Facalar tawa tana wajen aka faɗa, a benci ɗaya muke. Kuma har yau ba ta dawo min da filas ɗina na suna ba.

A mota Abbanta ya ce wai ko mafarki na yi ranar Larabar. Murfin dai ba a gan shi ba, Hajiya ta ce in an yi shara za a duba ƙarƙashin kujera.