Sukar da mulhidai ke yi wa addini ba daga Facebook ta faro ba

A majalisun Tudun Wada da Kawo, da zarar wani matashi ya ɗago waya ya karanto tambayar wani mulhidi, wato wanda bai yarda akwai Allah ba, sai ka ji an ce: “Kai, sharrin intanet ne da Turawa.” Ba haka abin yake ba. Alƙur’ani da kansa, a Suratul Jasiya aya ta 24, ya kawo maganar masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, zamani ne kawai ke halaka mutane. Su ne malamai suka kira Dahariyya.

Kuma magabata ba zagi suka mayar musu ba. Fanni guda suka gina, ilmul kalami, don amsa hujja da hujja. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya zauna ya karanci falsafa, ya rubuta ra’ayin masu ita yadda suke faɗarsa, kafin ya fara warware shi. Daga baya Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a rubuce, su biyun kuwa Musulmi ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke haɗa mai tambaya da mai inkari a kwando ɗaya. Ɗalibin da ya ce wa malaminsa, “Allah gafarta Malam, me ya sa jarirai ke shan wahala?” sau da yawa amsa yake nema. In an kore shi da tsawa, a waya zai je nemanta, wurin waɗanda ake gudu.