Ƙwallo a dandalin opera, me zai hana?

Masu cewa ƙwallon ƙafa bai dace da wasan opera na Kanton ba (wasan kwaikwayon gargajiya na kudancin ƙasar Sin da ake yi da waƙa), ina ganin ba su san labarin ba ne. A 1936 tawagar Sin ba ta da kuɗin zuwa gasar Olamfik ta Berlin, sai da suka yi ta buga wasanni a kudu maso gabashin Asiya suna tara kuɗin hanya. Lee Wai-tong ne kyaftin. Suka isa a gajiye, Birtaniya ta ci su 2-0. Wannan ai kansa labarin waƙa ne!

Idan aka kai wannan labari dandalin opera, abin da nake tsoro kawai shi ne fitilu da allunan majigi su rufe muryar mawaƙa da amon ganguna. Tsalle-tsallen 'yan wasan opera ya isa ya nuna bugun ƙwallo.