Fukushima: Giram 0.7 da Alƙawarin 2051

Har yanzu sanarwar da kamfanin TEPCO, mai tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi a Japan, ya yi a watan Yulin 2025 tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ya ce aikin kwashe narkakken makamashin nukiliya daga tukunyar sarrafa makamashi ta uku a tashar ba zai kankama ba sai 2037 ko bayan haka. Wannan kowa ya hango shi. Abin takaicin shi ne, bakin da ya faɗi haka shi ya ƙara da cewa wa'adin kammala rushe tashar a 2051 yana nan daram.

Da wane lissafi? Kimanin tan 880 na narkakken makamashi, cakuɗe da ƙarfe da kankare, ke jibge a tukwane uku tun girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta Maris 2011. An tsara fara ciro shi a 2021. Sai a Agustan 2024 aka tashi gwaji a tukunya ta biyu, ranar farko aka tsaya, domin an jera bututu biyar na tura na'urar ɗebo makamashin ba bisa tsari ba. Da aka gyara, kyamarorin bakin na'urar suka daina nuna hoto. A watan Nuwamba aka samu aka tsinko ɗan tsakuwa mai nauyin giram 0.7, bai kai ƙwayar wake ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ba ma'aikata nake zargi ba. Tururin nukiliyar da ke wurin yana iya halaka mutum, yana kuma lalata na'ura. Shugabannin da suka tsayar da wa'adin rushe tashar cikin shekara 30 zuwa 40 tun Disambar 2011, kafin kowa ya leƙa cikin tukwanen, su nake tuhuma, da magadansu da suka ƙi janye shi.

Masu kafa hujja da hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka su daina ɓata mana lokaci: can tukunya ɗaya ce, makamashin bai huda ta ba, duk da haka sai 1990 aka gama kwashewa.

Mutanen Okuma da Futaba, garuruwan da tashar Fukushima take, ke biyan kuɗin wannan taurin kai. Dattijon da ke shawarar komawa gidansa da 2051 yake auna sauran kwanakinsa. Ya kamata gwamnatin Japan ta soke wa'adin nan, ta sa masana da ba sa cin albashin TEPCO su fitar da na gaskiya. Ta kuma faɗa wa mutanen inda za a kai tan 880 ɗin in an ciro, domin har yau ba a tsayar da wurin ba.