Alfalfar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa

Shekaruna na farko a Saskatchewan, a ƙasar Kanada, ina auna ciyawa da mudun da na taso da shi: dami nawa ta bayar? Da wannan idon na raina alfalfa mai rarrafe, wato wani nau'in alfalfa, ganyen da ake shukawa don abincin dabbobi. Kusa da irin da ake yanka don ingirici, sai ta yi kamar marainiya. Waccan tsaye take cak, furenta shunayya, saiwarta guda ɗaya ta nutse can ƙasa kamar turke, kana yanka ta tana sake tohowa. Wannan kuwa ba ta gaggawa, kuma kafin kaka ta yi nisa ta riga ta kwanta barci.

Ranar da wani makiyayi ya sa shebur ya ɗago mini gindi ɗaya ne tunanina ya juya. Saiwar ba ƙasa kawai ta nufa ba, gefe ta miƙa, kamar tsawon tafin hannu ɗaya daga saman ƙasa, kuma a jikinta ga 'yan tsirai farare sun ɗago kai, kowanne zai zama gindi mai zaman kansa. Kan gindin ma a binne yake, kofato ba ya kai masa. Saniya ta tattake uwa, 'ya'ya su cike gurbin.

Ba haka kawai aka tsinci irin ba. A tashar binciken noma ta Swift Current, D. H. Heinrichs ya yi shekaru yana barbarar wani irin alfalfa mai suna Ladak da alfalfar Saiberiya ta ƙasar Rasha mai fure rawaya, yana zaɓen gindin da ya fi yaɗo da jure wuya, har aka fitar da iri mai rarrafe mai suna Rambler a 1955. Irin Roamer da Drylander daga baya suka biyo. Swift Current yanki ne da ruwan shekara ba ya cika kai milimita 400, sanyi kuma kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Jinin Saiberiyan nan shi ya ba ta kwanciya da wuri, abin da na ɗauka kasala ce, ashe da shi take tsallake hunturu.

Tana da nata aibun, ban ɓoye ba. Ba kowane gindi ke rarrafe ba, yankanta na biyu ba ya cika ido, kuma kumburin ciki na nan idan shanu suka afka mata da yunwa tana ɗanya shar, shi ya sa ake haɗa ta da wasu ciyayi a fili ɗaya. Mai sayar da ingirici a wuri mai ruwa, ya tafi ga mai turke, ban ga laifinsa ba.

Amma filin kiwo, inda dabba ke yanka da bakinta tana taka saura da ƙafa, ni dai mai rarrafe zan shuka. Na ga filin makiyayin nan bayan shekarar fari: inda ya zuba ta yanka duk ya yi sanƙo, ɓangaren mai rarrafe kuwa a rufe yake ruf.