Ƙiba mai tsanani ciwo ce, a yi mata magani irin na ciwo

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman matasa maza da mata da nauyin jiki ya kai su inda hawa bene ko sunkuyawa a ɗaura igiyar takalmi ya zama aiki. Wannan nasiha ba ta mai 'yar teɓa ba ce da ke son riga ta zauna masa daidai. Da ku nake, ku da ƙiba ta fara cin lafiyarku: gwiwa na ciwo, numfashi na sarƙewa bayan 'yar tafiya, ana kwana ana barci amma a tashi da gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, saboda haka ba ku kaɗai ba ne. Amma yawan masu ciwo bai taɓa rage wa ciwo illa ba.

Ɗan uwa, fara da sanin inda kake. Ka auna nauyinka da kilo, tsayinka da mita. Ka ninka tsayin da kansa, sai ka raba nauyin da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 120, tsayinsa in an ninka ya ba da 2.89, in an raba 120 da shi sai a samu 41.5. Wannan lissafin shi likitoci ke kira BMI. Daga 30 an shiga ƙiba. Daga 40, ko daga 35 in akwai ciwon suga ko hawan jini, ta yi tsanani. Ka haɗa da awon ciki: ka zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi, ban da tsuke ciki. Kitsen da ya taru a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da damtse haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa tef yakan faɗi abin da sikeli ya ɓoye.

Kafin ka taɓa abincinka, je ka ga likita. Na san da yawa nan suke tsallakewa, wasu don kunya, wasu don gudun faɗa. To ku daure. A auna hawan jini, kuma a yi da babban maɗauri, domin ƙaramin maɗauri a kan ƙaton damtse yana nuna lamba sama da gaskiya. A duba sugan jini, da kitsen jini, da aikin hanta da ƙoda, da ƙwayar tayirod da ke wuya. In ana ce maka kana minshari mai ƙarfi har numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, kuma kana gyangyaɗi da rana, ka faɗa, domin ciwo ne mai zaman kansa da ke ɗaga hawan jini, kuma akwai na'urar da ake kwana da ita don magance shi. 'Yar uwa, in haila ta rikice kuma gashi ya fara fitowa a haɓa, ki ambata, ana iya samun matsala a ƙwan mahaifa da ke tafiya tare da ƙiba. Sannan a tafi da duk magungunan da ake sha. Prednisolone da dexamethasone, da insulin, da wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali suna ƙara nauyi. Kada wanda ya daina su da kansa, likita ne zai canza ko ya rage. Kuma mai shan maganin suga irin su glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya rage abinci ba a rage masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya yanke jiki ya faɗi. Haka mai shan maganin hawan jini, in nauyi ya fara sauka sai jiri ya fara ɗibarsa idan ya miƙe tsaye.

Kada ka sa wa kanka burin komawa yadda kake kana ɗan shekara sha biyar. Burin farko shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka a wata shida. Ga mai kilo 120, kilo 6 zuwa 12 ke nan. Wani zai ce ai wannan ko a ido ba za a gani ba. Gaskiya ne, amma jini zai gani. A wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga da aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58. A wani kuma da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2017, cikin masu ciwon suga nau'i na biyu da suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda. Sai dai su waɗannan a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya suka yi, ba a ɗaki su kaɗai ba.

Lissafin abinci ba shi da wuya. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. In ka rage kalori 500 zuwa 750 kullum daga abin da jikinka ke ƙonawa, za ka riƙa sauke kamar rabin kilo ko ɗan fiye a mako. Tambayar ita ce daga ina za a cire su. Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har loma biyun da aka ɗanɗana a tsaye da abin da aka tauna a gaban waya da dare. Kusan kowa yana raina yawan abin da yake ci, ba don ƙarya ba, don mantuwa. In ka duba takardar, wurare biyu za su fi ba ka mamaki. Na farko abin sha. Kwalbar lemo ta rabin lita tana da sukari sama da giram 50, kalori kusan 200, kuma ba ta ƙosarwa ko kaɗan. Mai shan biyu a rana, in ya musanya su da ruwa, ya kusa cike gurbin da ake nema bai taɓa farantinsa ba. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse da shayi mai cike da sukari duk layinsu ɗaya. Na biyu mai. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kowane irin mai ne kuwa, har wanda ake yabo. A daina tsiyaya shi daga kwalba kai tsaye, a auna da cokali, a kuma mayar da suya gashi ko dafuwa.

Faranti kuwa a raba shi: rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwatan da ya rage abinci mai sitaci. A ci a zaune, a zuba sau ɗaya. Kada a yi wasa da furotin, domin shi ke riƙe ciki ya kuma kare tsoka daga narkewa tare da kitse. Ana lissafa shi da nauyin da ya dace da tsayinka, ba wanda kake da shi yanzu ba, giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo. Ga mai tsayin 1.70, giram 80 zuwa 100 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin dafaffen wake kamar 15, giram 100 na dafaffen naman kaza kusan 30. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara.

Wanda ya ce shi da yunwa zai yi maganinta, ya wuni a kan ruwa da ganye, to ya saurara. A makon farko zai ga kilo biyu ko uku sun tafi, ya yi ta murna, alhali yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku, in an ƙone shi ruwan ya fita da fitsari, in an ci abinci ya dawo. In aka zarce da saukar da ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako, duwatsu na iya fitowa a matsarmama, tsoka ta zube, bayan wata uku gashi ya fara kakkaɓewa. Daga ƙarshe yunwar ta ci ƙarfin mutum wata rana da dare, ya ci na kwana uku a zama ɗaya.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke karaya, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Wajen wata na shida sikeli yakan tsaya cak. Mutum ya ce ya yi iya yinsa, jikinsa ne ba ya jin magana, ya watsar. Abubuwa uku ne suka haɗu. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, don haka abincin da ke rage ka kana kilo 120 shi ne zai tsayar da kai a 108. Sannan jiki yana ɗaukar ragin nan tamkar fari ne ya zo: sinadarin leptin da kitse ke fitarwa don shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya sai ya ragu, na girelin da ciki ke fitarwa don kiran yunwa ya ƙaru. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2011 ya nuna cewa ko bayan shekara guda da rage nauyi waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke ba. Wato yunwar da kake ji ta gaske ce, ba raunin zuciya ba ne, kuma ba za ta tafi don ka yi fushi da kanka ba. Na uku, cokali ya fara girma a hannu ba a sani ba, an daina awo, an daina rubutu. Abin yi shi ne a koma ga takarda na mako guda, a sake auna mai da sitaci, a ƙara tafiya, a duba barci, domin wanda ba ya samun awa bakwai yakan wuni da kwaɗayin zaƙi. In an yi wata biyu haka bai motsa ba, a koma wa likita a yi maganar mataki na gaba.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage ƙiba mai yawa. Mai kilo 120 in ya yi tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kalori kusan 200 ya ƙona, kwalbar lemo ɗaya ta mayar. Amfaninsa yana wajen zuciya, da sugan jini, da hana nauyi dawowa. Kada ka fara da gudu ko tsalle, gwiwa ba za ta ɗauka ba. Minti 10 bayan cin abinci, sau biyu ko uku a rana, ana ƙara minti biyar kowane mako har a kai minti 150 a mako, daga baya a nufi 300. In gwiwa ta hana, a yi tafiya cikin ruwa ko keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya. Sau biyu a mako a yi na ƙarfafa tsoka: tashi da zama daga kujera, tura bango da hannuwa, ɗaga abu mai ɗan nauyi. Duk kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. A sa takalmi mai taushin ƙasa, a busar da lungunan fata bayan wanka don gudun ƙuraje da saɓa. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet, ku nisance su. Mafi yawansu masu sa gudawa ne ko yawan fitsari, ruwa suke cirewa. An sha kama wasu da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Magani na gaskiya akwai shi. Allurar semaglutide, da aka amince da ita don ƙiba a Amurka a 2021 da sunan Wegovy, ta rage kusan kashi 15 na nauyi cikin mako 68 a gwaji, wata allurar kuma mai suna tirzepatide ta kai kusan kashi 20. Ana farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali saboda tashin zuciya da amai da taurin bayan gida, kuma mai juna biyu ba ta yi. Waɗanda suka daina semaglutide sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda, don haka wanda zai fara ya san doguwar tafiya ce. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da ke yawo, wanda ya isa ya hana mai hankali saye daga hannun da ba na likita ba.

Tiyata ma ba gazawa ba ce, kuma ba hanyar ragwaye ba ce kamar yadda wasu ke yi wa masu ita gori. Ga mai BMI 35 ko fiye, ita ce ta fi kowace hanya rage nauyi mai ɗorewa, sau da yawa kashi 25 zuwa 30. A wani nau'in ana yanke kusan kashi 80 na tumbi, a wani kuma ana yin ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji daga ƙasa. Sharaɗinta shi ne shan bitamin har ƙarshen rayuwa, musamman B12 da D da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, da gwajin jini a kai a kai, kuma mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Wanda ya yi sakaci da bitamin, ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa na jiransa.

Ku kuma abokai da dangi masu tsokana da sunan wasa, ku sani ba'a ba ta taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba. Abin da take yi shi ne ta hana mutum fita tafiya, ta hana shi zuwa asibiti, ta mayar da shi ɗaki ya ci a ɓoye.

Wanda Allah ya taimaka ya sauke kilo 30 ko 40 ya shirya wa fatar da za ta saki a ciki da damtse. Ba a maganar yanke ta sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida. Sannan kada ya ajiye sikeli. Ya hau sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ya zaga, kafin ya ci komai. Ya ja wa kansa layi a kilo biyu ko uku sama da inda ya tsaya. Ranar da ya taɓa layin, a makon nan zai koma ga rubutu da awon cokali, ba sai ya ga goma sun dawo ba.