Olsa gyambo ne, ba yunwa ba

Kun dai ga bidiyon mai lasifikar nan na kasuwar Garwa ta Kamaru, wanda ya ɗaga gorar maganinsa yana rantsuwa wai olsa ciwon zamani ne, Turawa suka kawo shi tare da taliya da lemon kwalba, kakanninmu ba su san shi ba. Ku kuma sai turo mini kuke yi, har da "Allah ya ƙara basira". Basirar me? Bawan Allah ko ma'anar sunan ciwon da yake sayar wa magani bai sani ba.

Olsa gyambo ne. Kalmar ulcère ta Faransanci da likita ke rubuta maka a kati daga Latin ta fito, ulcus, wato miki buɗaɗɗe da ya ƙi warkewa. Girkawa na da 'yar'uwarta, helkos. Likitocin dauri da ita suke kiran gyambon ƙafa da na baki tun ba a iya leƙa cikin mutum ba. To Bahaushen da ya ce "gyambon ciki" a ina ya samo, a gwangwani? Wajen 1830 wani likitan Faransa, Jean Cruveilhier, ya bincika gawawwaki, ya bayyana ramin da ke fitowa a bangon tumbi, ya raba shi da ciwon daji. Rami ne, malam. Ana ganinsa da ido in an zura na'ura ta maƙogwaro.

Amma a nan kowa likita ne. Ka yi gyatsa, olsa. Ƙwannafi, olsa. Ka makara karin kumallo, olsa. Wai yunwa ce ta kawo. Yunwa da barkono suna tayar da zafin, ba su ne ke haƙa ramin ba. A 1982 likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori a Perth ta Ostireliya, ita ce babban musabbabin ramin. Da aka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, ya kwanta ciwo. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Naku gwanin me ya sha, ban da sefa dubu biyun talaka?

Ɗaya musabbabin yana aljihun masu babur ɗinmu: diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kullum, ciki wayam, don ciwon baya.

Na san za a ce ai wane ya sha ya ji sauƙi. Kanwa ma in ka jiƙa ka sha za ka ji sauƙi, gyambon na nan daram.

Don Allah, wannan ba da wasa nake faɗa ba. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko an yi aman jini, wataƙila gyambon ne ke zubar da jini. A ajiye gora a nufi asibiti a daren. Ƙwayar cutar tana mutuwa da maganin mako biyu in likita ya haɗa shi daidai.

Su gorunan nan ma, wa ke wanke su? Na ga yara na tsinto su a tashar motar Marwa, buhu-buhu, ban taɓa jin wani ya tambayi ina ake kai su ba.