Gara mai sharhin da ke kuskure da shirun da muke yi

Zaman Ingila ya koya mini sauraron kiɗan da ban taso da shi ba: rok na 'yan gefe, wanda ba don gidan rawa ake yin sa ba, da kuma waƙoƙin masu rubuta baitinsu da hannunsu, su ɗauki jita ko su zauna gaban fiyano su rera. Sannu a hankali kiɗan ya shiga raina. Abin da har yau nake ta jujjuyawa shi ne yadda ake yanke masa hukunci.

A nan kundin waƙa ba ya fita ya wuce salin alin. Cikin makon fitarsa jaridu da mujallu sun yi rubutu a kansa, kowa ya ba shi maki. Guardian da Rolling Stone taurari suke bayarwa, iyakarsu biyar. Pitchfork ta Amurka kuwa har da ɗigo take sawa: 6.8, 7.4, 8.1. Sai Metacritic, wani shafin intanet, ta tattara duka ta fitar da lamba guda cikin 100. Wannan ɗigon ban yarda da shi ba ko kaɗan. Waƙa ba buhun masara ba ce da za a ɗora a sikeli. Wane kunne ne ke raba 7.4 da 7.6? Ga shi mai rubutun gaggawa yake yi don kada a riga shi, alhali irin waɗannan waƙoƙi ba sa buɗe cikinsu a saurare na farko.

Tarihinsu ma ya shaida. A 1996 ƙungiyar Weezer ta fitar da kundin Pinkerton, Rolling Stone ta ba shi taurari uku, masu karanta ta suka sa shi na uku cikin mafi munin kundayen shekarar. A 2004 mujallar ta sake dubawa ta ba shi biyar cif. Baiti ɗaya bai canja ba. A 2000 Pitchfork ta ba kundin Kid A na ƙungiyar Radiohead 10.0, a daidai lokacin da wasu masu sharhi a Ingila ke yi masa kaca-kaca.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Liz Phair. Baiwar Allah ta yi suna a farkon shekarun 1990 da waƙoƙin da take rubutawa ba kwana-kwana, 'yan gefe suka ɗauke ta tasu. A 2003 ta yi kundi mai santsi, irin wanda gidajen rediyo ke so, Pitchfork ta ba ta 0.0. Sifili, kamar ba ta buɗe baki ba. Duk wanda ya saurari kundin ya san ba waƙoƙin aka hukunta ba, ita aka hukunta don ta bar dangi ta nufi kasuwa. Wannan ita ce babbar cutar masu sharhin wannan kiɗa: sau da yawa biyayyar mawaƙi ga ɓangarensu suke aunawa, su ce fasaha suka auna. A 2019 marubucin sharhin ya fito ya nemi afuwa, a 2021 kuma aka mayar da makin 6.0.

Duk da haka, in na waiwaya gida, sai in ji ina kishin abin da suke da shi. Sun yi kuskure, amma a rubuce yake, da sunan mai shi a ƙasa, shi ya sa aka iya komawa bayan shekara 16 aka ce masa ka yi zalunci, ya kuma amsa.

Mu namu hukuncin na kunnen jama'a ne, kuma ban raina shi ba. Ba wanda ya ba Mamman Shata maki. Direbobi a tasha, masu aika wasiƙa a zaɓi sonka, masu liƙi a filin biki, su suka ɗaga shi tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ɗanmaraya Jos mutum ɗaya ne da kuntiginsa, yana waƙar talaka da zaman aure, kuma da a Ingila aka haife shi da an cika shafuka da nazarin kowane faifansa yana fita. Malaman jami'o'inmu sun yi aiki a kan makaɗan baka, Allah ya saka musu, sai dai yawancin aikin yana cikin kundayen digiri, matashin da ke shirin shiga situdiyo gobe bai taɓa ganin sa ba.

Yau fa? Mawaƙi a Kano ko Kaduna zai saki kundi mai waƙa goma, abin da za a tambaya kawai shi ne mutum nawa suka kalla a YouTube, ko 'yan TikTok sun hau ta. Hukumar tace fina-finai ta Kano tarbiyya take dubawa, wannan aikinta ne. Amma wa zai ce wa mawaƙin amshinsa ya yi rauni, na'urar gyaran murya ta haɗiye muryarsa, kiɗan waƙa ta uku shi ne na ta bakwai, baitin tsakiya kuma cike gurbi ne kawai? Wanda ya faɗa, magoya baya su ce hassada ce, ko wani ne ya biya shi. Sai kowa ya kame bakinsa, yaro mai baiwa ya shekara goma yana maimaita abu ɗaya, ba wanda ya ƙaunace shi har ya gaya masa gaskiya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

A nan Turai ma sana'ar sharhin tana ja da baya. Mujallar kiɗa ta NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, a Janairun 2024 kuma aka haɗe Pitchfork da mujallar GQ, aka sallami ma'aikata. Ba kwaikwayonsu nake kira a yi ba, lambobinsu su riƙe abinsu. Shafi guda nake so a jaridun Hausa, inda wanda ya san karin waƙa da kiɗa zai zauna da kundi wata guda cur kafin ya ɗauki alƙalami, ya nuna baitin da ya tsaya da wanda ya faɗi da dalilinsa, ya sa sunansa, kuma kada ya karɓi ko sisin kwabo daga mawaƙin ko abokin hamayyarsa.